Kara da Kaba a Adon Kirsimeti

A ƙasar Kabi bikin Kirsimeti yana faɗowa ne daidai lokacin da hannun manomi ya cika. An yanke shinkafar damina a fadamun Gulma da Argungu, gero da dawa sun shiga rumbu, kara yana jibge a bayan gidaje, hunturu kuma ya busar da komai ƙayau. Duk mai son fahimtar adon da Kiristocin wannan yanki suke yi da hannunsu a watan Disamba, daga nan ya kamata ya fara, domin abin da kaka ta bari shi ne kayan aikinsu.

A Gulma kusan kowa Musulmi ne. Sai an shiga Argungu, musamman kuma Birnin Kebbi, ake samun majami'u na ECWA da Katolika da Angilika da sauransu. Da yawa daga cikin masu zuwa cikinsu ma'aikata ne da malaman makaranta da 'yan kasuwa, wasu daga Zuru da Yawuri, kuma sun ƙaru bayan an ƙirƙiro Jihar Kebbi a 1991. Hausa ce ta haɗa yawancinsu a waƙa da addu'a, tun da an buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932. Abin da ban ga an kula da shi sosai ba shi ne, adonsu ma da Hausa yake magana.

Na taɓa zama maƙwabcin wata malamar firamare a Birnin Kebbi. Kwana uku kafin biki ta shimfiɗa tabarma a tsakar gida, yara suka kewaye ta. Ta ɗauki sillen kara biyar masu tsawo ɗaya, ta gicciya su, ta ɗaure kowace kusurwa da zare, sai ga tauraro. Ta ɓare wani karan ta ciro totuwa, ta yanka ƙanana, ta soke su da siraran ɓawon karan, irin yadda yara suke haɗa motar kara. Sitacin rogo da aka dama shi ne gam. Tsohuwar kalanda ta zama sarƙar takarda, ledar alewa mai ƙyalli da aka yi wata guda ana tarawa ta lulluɓe tauraron. Ƙaramin ɗanta ya ce, "Mama, nawa ya karkace." Ta ce masa, "Kwance ka sake, auta, kara bai ƙare ba." A ganina ƙarfin wannan al'ada yana cikin amsar nan tata. Kayan ba su da tsada, saboda haka ana barin yaro ya ɓata, ya sake, har hannunsa ya faɗa.

Inda aikin ya fi kyau shi ne wurin kwaikwayon haihuwar Yesu. Asalinsa daga Italiya ne, inda Faransis na Asisi ya shirya shi a ƙauyen Gireciyo a 1223, da ciyawa da sa da jaki masu rai. Amma labarin da Linjila ta bayar, na jariri a komin dabbobi da makiyaya masu kwana a daji da garkensu, ya fi kama da bakin Gulbin Rima fiye da kowane birnin Turai. Yaron Argungu ba ya buƙatar a zana masa makiyayi, kullum yana ganin Fulani sun gangaro fadama da shanu da rani. Ya san bukka, ya san komi, ya san ƙanshin harawa. Don haka idan aka ce ya gina wurin, kara yake kafawa ya yi masa jinka da bambaron shinkafa, ya ɗebo yumɓu ya mulmula shanu masu tozo da dogayen ƙaho, irin waɗanda 'ya'yan Hausawa suke ginawa tun kaka da kakanni. Ɓarin ƙwarya ya zama makwancin jariri. Ban taɓa ganin na kanti da ya kama ƙafar wannan ba.

Bishiyar Kirsimeti kuwa baƙuwa ce, har yau ba ta zama 'yar gari ba. Daga Jamus ta fito, ta bazu bayan da wata jarida a Landan ta buga hoton Sarauniya Biktoriya da iyalinta kewaye da ita a 1848. Irin itacen ba ya fitowa a nan, sai ta roba da ake shigowa da ita daga Sin. Wanda bai da kuɗinta yakan sari reshen darbejiya ya kafa a gwangwanin da aka cika da yashi, ya rataya balan-balan, ya yayyafa auduga a madadin ƙanƙarar da bai taɓa gani ba. Ban ga laifin mai yi ba, amma wannan ɓangaren ya fi rauni, domin kwaikwayon hoto ne kawai.

Akwai misalin da ya nuna wata hanya. Lokacin da mishan ɗin CMS ya bar birnin Zariya ya koma Wusasa wajen 1929, majami'ar Bartalamawus da aka gina can da ƙasa aka yi ta, da tsarin ginin Hausawa, kuma tana nan har yau. Wannan tunanin ne nake gani a hannun matan Zumunta, wato ƙungiyar matan coci, idan suka shiga gyaran majami'a ana gobe biki. Suna lanƙwasa ganyen dabino su yi baka a bakin ƙofa, su rataya zannuwa a bango, su jera fayafai masu launi a bayan bagade. Duk wadda ta taɓa yin jeren amarya za ta gane aikin nan take, domin ido ɗaya ne da tsari ɗaya. A gida ma haka: shara, shafe bango da farar ƙasa, sabon labule, daidai da abin da maƙwabta suke yi idan Sallah ta ƙarato. Fayafan nan da tabarmin kaba kuwa, galibi matan Musulmi ne na ƙauyuka suka saƙa su suka aika kasuwa. Hannunsu yana cikin adon, kamar yadda kwanon shinkafa da nama yake tsallaka katanga ranar biki, ya dawo da naman layya idan lokacinsa ya yi.

Aikin yana da hatsarinsa. Busasshen kara da kyandir da iskar hunturu ba sa shiri, kuma gwamma fitila mai batir a kusa da bukkar. Abin da ya fi damuna dai shi ne yadda fitilu masu ƙyaftawa da furannin roba suke korar zaman tsakar gidan nan, har ana ganin na hannu alamar rashi ne. Na roba idan ya koɗe bola yake zuwa, ya kwanta a magudanar ruwa har damina. Na maƙwabciyata kuwa, da aka shiga sabuwar shekara, karan ya shiga murhu, akuya ta cinye harawar, ta ɗaga tauraron ɗaya ta soke a azara domin auta ya duba baɗi.