Masu Karanta Jikin Mota a Gwanjon Japan

A manyan kasuwannin gwanjon motoci na Japan, cinikin mota guda ba ya kai rabin minti. Hotonta zai bayyana a babban allo, dillalai su yi ta danna maɓalli farashi yana hawa, kafin ka ankara an sallama, wata ta shigo. Da yawa daga cikin masu tayin ma ba sa cikin zauren. Suna ofisoshinsu gaban kwamfuta, wasunsu kuma suna taya wa wani ɗan kasuwa ne da ke zaune a Mombasa ko Darussalam ko Dubai, wanda ba zai ɗora ido kan motar ba sai bayan makonni, in jirgin ruwa ya sauke ta. Mai jin wannan zai ce cinikin biri a sama ake yi. Abin da ya hana shi zama haka takarda ce guda ɗaya, wadda wani ma'aikaci ya cika bayan ya zagaya motar da tocila a hannu. Gwanintar wannan ma'aikaci ta cancanci a tsaya a dube ta da kyau.

Kasuwar da yake yi wa hidima ba ƙarama ba ce. A Japan, sabuwar mota tana zuwa binciken gwamnati na dole bayan shekara 3, daga nan kuma duk bayan shekara 2, kuma binciken yana cin kuɗi. Saboda haka mutane da yawa kan rabu da motocinsu tun suna da sauran ƙarfi. Ƙasar tana fitar da motocin hannu fiye da miliyan ɗaya a shekara. Babban kamfanin gwanjon shi ne USS, wanda aka kafa a 1980 a lardin Aichi, kuma a filinsa na yankin Tokyo akan gabatar da motoci sama da 10,000 a ranar gwanjo guda. Kamfanin Toyota ma yana da nasa, mai suna TAA. Sitiyarin waɗannan motoci a dama yake, shi ya sa a Afirka suka fi sauka a Kenya da Tanzaniya da Yuganda da Zambiya. Najeriya ta koma tuƙi a hannun dama tun 1972, wanda ke bukatar sitiyari a hagu, don haka ba kasafai takardar ke zuwa hannun masu sayen mota a nan ba.

A saman takardar akwai makin motar gaba ɗaya: S ko 6 ga wadda take kusan sabuwa, sai 5, sai 4.5, sai 4, sai 3.5, a yi ta sauka. Cikin motar yana da nasa makin da haruffa, A ita ce mafi tsafta. Amma inda gwanin yake nuna kansa shi ne zanen da ke ƙasa. An zana motar a baje, kamar fatar rago da aka shanya: rufi a tsakiya, bonet a gaba, but a baya, ƙofofi da madigadi a gefe da gefe. Kowane tabo da ya gani, zai sa masa harafi da lamba a daidai inda yake. Harafin yana faɗin irin lahanin, lambar kuma, daga 1 zuwa 3, tana faɗin girmansa. Akwai ɗan bambanci tsakanin gidan gwanjo da gidan gwanjo, amma ginshiƙin tsarin ɗaya ne.

Mu da muke kallon mota da idon mai hawa, kalma ɗaya ta ishe mu: ta bugu. Shi kuwa wannan kalmar ba ta gaya masa kome ba, domin a ƙarƙashinta akwai lahani iri-iri, kowanne da sababinsa da kuɗin gyaransa. A tana nufin karcewa, wato abin da ya taɓa fenti bai motsa ƙarfe ba. U tana nufin loɓawa, inda ƙarfen ya shiga ciki. B ita ce loɓawar da ta zo da karcewa tare. E kuwa ƙananan ramuka ne masu laushin baki, waɗanda ba a ganinsu sai an karkata kai. Y tsagewa ce ko huda, irin wadda ake samu a bamba ko a murfin fitila. G tabon tsakuwa ne a gilashi. X tana cewa wannan ɓangare ya wuce gyara, sai an sauya shi. XX kuma tana cewa an riga an sauya.

Rarrabewar tana da dalili. Fentin mota hawa-hawa ne: akwai na ƙasa da ke kare ƙarfe, akwai mai launi, akwai kuma na sama mai sheƙi wanda ba shi da launi. Duka-duka kaurinsu bai wuce kusan kashi ɗaya cikin goma na milimita ba. Karcewar da ta tsaya a hawan sama, gogewa da man sheƙi kawai take so. Wadda farce ke maƙalewa a cikinta ta nutsa, sai an sake fentin wurin, sau da yawa ma ƙofar gaba ɗaya, don kada launi ya bambanta. Haka loɓawa. Mai faɗi marar zurfi, a tsakiyar ƙofa, ana iya tura ta daga baya da sandar ƙarfe ta dawo ba a taɓa fenti ba. Wadda ta faɗa kan layin da aka lanƙwasa a masana'anta, ko ta yi kaifi kamar ninkin takarda, ta riga ta miƙar da ƙarfen, kuma ƙarfen da ya miƙe ba ya komawa girmansa da turi kawai. Saboda haka A1 da U2 a ƙofa guda lissafi biyu ne mabambanta a aljihun mai saye.

Wurin da tabo yake ma yana ba da labari. Ramukan E da suka cika rufi da bonet da saman but, ba su taɓa gefe ba, aikin ruwan ƙanƙara ne. Ƙananan loɓawa a jere a tsakiyar ƙofofi kuwa daga wurin ajiye motoci mai matsi suke, inda ƙofar maƙwabci ke dukan taka. Tabon tsakuwa barkatai a bakin bonet alama ce ta motar da ta sha gudu a babbar hanya. Tsatsa kanta an raba ta biyu: S ita ce wadda ta zauna a fuskar ƙarfe, C kuma wadda ta ci shi ta ruɓar. Motar da ta fito daga arewacin ƙasar, irin su Hokkaido, inda ake zuba gishiri a hanya don narkar da ƙanƙara, dole a leƙa ƙarƙashinta sosai, haka ma wadda ta zauna a bakin teku.

Harafin da ya fi burge ni shi ne W. Yawancin sauran haruffan suna nuna lahanin da ke fili. W tana nuna wurin da aka riga aka gyara, aka cike, aka fente, har mai shi ya yi zaton ba wanda zai gane. Mai binciken yana tsayawa a kusurwar motar ya bi gefenta da ido, yana kallon yadda hasken doguwar fitila ke kwanciya a jikinta. A ƙarfen da bai taɓa buguwa ba, layin hasken yana tafiya sak. Inda aka yi gyara, sai layin ya ɗan yi rawa. W1 rawa ce da sai gwani ke kamawa, W3 kuwa kowa zai gani. Daga nan sai ya nemi shaidu. Yana duba ƙwayar fentin, ko ta yi daidai da ta ƙofar da ke kusa. Yana ɗaga robar bakin gilashi ya ga ko feshi ya fantsama a kanta. Yana sa ɗan yatsa a ratar da ke tsakanin ƙofa da madigadi, hagu da dama, ya ji ko faɗinsu ɗaya. Yana haska kan notin da ke riƙe da bonet: wanda aka fente a masana'anta ba a sake taɓa shi ba sumul yake, wanda sifana ta kama kuwa kusurwoyinsa sun ƙuje. Akwai na'urar auna kaurin fenti da ke taimakawa, amma ido ne ke gaya wa hannu inda zai ɗora ta.

Duk wannan bin diddigi yana kaiwa ne ga tambayar da ta fi kowace nauyi: bugun ya tsaya a fata, ko ya kai ga ƙashi? A ƙa'idar kasuwar Japan, sauya ƙofa ko bamba ko bonet ba ya sa a kira mota mai tarihin haɗari, domin waɗannan ana kwance su a ɗaura wasu. Amma in an miƙar ko an sauya ginshiƙan da ke riƙe da rufi, ko dogayen ƙarafan shasi, ko daɓen motar, ko rufin kansa, to makinta ya zama R, farashinta kuma ya faɗi. Hukuncin yana da tushe, domin waɗannan sassa su ne aka ƙera don su shanye ƙarfin karo su kare mutanen da ke ciki. Don gano haka, mai binciken yana ɗaga shimfiɗar but, ya cire robar bakin ƙofa, ya duba ɗigon walda. Na masana'anta zagayayyu ne, girmansu ɗaya, tazararsu ɗaya. Na gareji, kome ƙwarewar mai yi, yakan bar alamar hannun mutum.

Wannan ido ba da shi ake haihuwar mutum ba. Tun 1966 Japan take da cibiyar ƙiyasta darajar motoci, wadda ake kira JAAI a taƙaice, mai shirya jarrabawa ga masu wannan sana'a. A ma'auninta, ana gwada girman tabo da abin da kowa ya sani: wanda bai kai katin banki ba, wanda ya wuce kati amma bai kai takardar A4 ba, da wanda ya wuce haka. Amfanin wannan shi ne mutum biyu da ba su san juna ba, ɗaya a Nagoya ɗaya a Kobe, su dubi loɓawa iri ɗaya su ba ta suna kusan iri ɗaya. Gidajen gwanjo kuma suna da nasu horon, kuma in babban aibi ya kuɓuce wa takardar, mai saye yana da ƙayyadaddun kwanaki da zai kai ƙara. Mai binciken ya san za a iya dawo masa da abin da ya rubuta, ga shi kuma mintoci kaɗan ne rabon kowace mota, layin na bayanta yana jira.

Malaman fiƙihu sun daɗe da karantar da mu cewa wajibi ne mai sayarwa ya bayyana aibin hajarsa, kuma wanda aka ɓoye wa aibi yana da haƙƙin mayar da kaya. Abin da waɗannan ma'aikata suka ƙara mini a kan wannan darasi shi ne, niyyar faɗin gaskiya ita kaɗai ba ta cika aikin. Wanda ya ce “akwai ɗan tabo” bai yi ƙarya ba, amma ya bar mai saye cikin duhu. Wanda ya ce loɓawa ce, matsakaiciya, a ƙofar baya ta hagu, fenti bai fashe ba, ginshiƙi lafiya lau, ya ba shi abin da zai yi lissafi a kai ya yanke shawara da kansa. Kafin mutum ya iya faɗin haka, sai ya yi shekaru yana koyon gani, yana koyon bambancewa, yana koyon auna girma ba tare da ragi ko ƙari ba. Amana a ciniki tana bukatar zuciya mai tsoron Allah, tana kuma bukatar ilimin kayan da ake sayarwa, kuma duk ɗan kasuwar da ke son a yarda da maganarsa daga nesa sai ya nemi duka biyun.