Hannun da ke jin zafi a madadin ƙafar dattijo

A jihar Kerala da ke kudancin Indiya akwai masu tausa na gidajen maganin gargajiya na Ayurveda waɗanda aikinsu ya fi wuya idan aka kawo musu dattijo mai ciwon suga. Irin wannan dattijon yakan zo da kukan da likitoci suka saba ji a ko'ina: tafin ƙafa yana zugi da dare, yatsu suna minjirya, wani lokacin kuma ƙafar ta mutu har takalmi ya saɓule bai sani ba. Suga ne da ya daɗe a cikin jini ya cinye jijiyoyi, kuma kusan rabin masu ciwon sukan gamu da wannan matsala idan shekaru suka ja.

Masanan Ayurveda sun daɗe da sanin abin. Tsofaffin littattafansu, Charaka Samhita da Sushruta Samhita, sun lissafa cututtukan fitsari iri 20, ciki har da madhumeha, wato cutar suga, wadda kiyashi ke taruwa a kan fitsarin mai ita. Littafin Charaka ya sa zafi da mutuwar hannu da ƙafa cikin alamominta na farko. A fahimtarsu, abubuwa uku ke tafiyar da jiki: vata, pitta da kapha. Vata ce mai kula da motsi da ji, ita ce kuma ke rinjaye a tsufa, tana busar da jiki. Abin da ya bushe ya yi sanyi, in ji su, mai da ɗumi yake so.

Ba kowa ake shafa wa mai ba, kuma daga nan gwanintar take farawa. Vaidya, wato likitan, yakan fara duba ko mara lafiyar mai ƙiba ne ko ramamme. Mai ƙiba sau da yawa busasshen garin magani ake murza masa, tausar da suke kira udvartana. Wanda zafi ya fi damu ana iya kwarara masa tsala mai sanyi da aka haɗa da magani. Ramammen tsoho kuwa shi ne na mai, musamman kshirabala, wanda ake dafawa da man riɗi da madarar shanu da saiwar wani tsiro mai suna bala. Akwai nau'insa da ake maimaita dafawa har sau 101.

Abin da ya fi burge ni shi ne njavarakizhi. Ana dafa wata shinkafa mai suna njavara, mai nuna cikin kwana 60, a madara da ruwan saiwar bala, a ƙulle ta a ƙyallaye masu tsabta kamar dunƙulen fura. Mara lafiya yana kwance a kan gadon katako, ana tsoma ƙullin a madara mai ɗumi ana bin jikinsa da shi. Amma ƙafar da ta mutu ba ta cewa ta ƙone. Saboda haka gwani ba ya tambayar tsoho ko da zafi, don ya san amsar ba abin dogaro ba ce. Kowane ƙulli sai ya ɗora shi a bayan hannunsa kafin ya taɓa fata. Kafin ma a fara, sai ya buɗa tsakanin yatsu, ya duba diddige ko akwai faso, ko kumburi, ko ɗan rauni. Idan ya ga gyambo, ranar babu tausa a wurin. Haka zai yi kullum na tsawon mako ɗaya ko biyu, yana kallon fuskar dattijon da launin fatarsa. Wannan haƙuri ba a koyonsa a wata guda.

Sana'ar tana da gidajenta. Arya Vaidya Sala, wadda P. S. Varier ya kafa a garin Kottakkal a 1902, har yau tana haɗa magunguna tana kwantar da marasa lafiya, kuma a 2014 gwamnatin Indiya ta kafa ma'aikata sukutum mai kula da irin waɗannan hanyoyin magani.

Yabon gwani ya zama dole, amma a faɗi gaskiya: tausa ba ta dawo da jijiyar da ta lalace. Tana tausasa fata, tana sassauta zugi ga wasu, tana sa barci. Bincike-binciken da aka yi a kanta ƙanana ne. Magungunan sha kuwa suna bukatar taka-tsantsan, domin a 2004 wani bincike a birnin Boston na Amurka ya sami dalma ko zaiba ko gubar asenik a kusan ɗaya cikin biyar na magungunan Ayurveda da aka gwada.

Mai karatu, idan akwai tsoho mai ciwon suga a gidanku, kada a bar shi ya miƙa ƙafa ga kaskon garwashi a lokacin hunturu, kuma a gwada ruwan wankansa da hannu kafin a ba shi. A riƙa duba masa ƙafa kullum, maganin asibiti kuma kada a daina sai da izinin likita.