Rediyon Omdurman da Waƙar Farko ta Mawaƙin Sudan

A Kano ta yau, matashi zai shiga situdiyo da hantsi, kafin magariba waƙarsa ta farko ta hau YouTube. A Sudan ta da, hanyar ta fi haka tsawo. Mawaƙi yakan fara ne a gidan biki, cikin rumfar da ake kafawa a tsakiyar layi a unguwanni irin su Alshajara da ke gaɓar Farin Nilu a kudancin Khartoum, ko Abbasiyya a Omdurman. Amma duk tafin da zai sha a can, ba a lissafa shi cikin mawaƙa sai ranar da muryarsa ta fito daga Rediyon Omdurman, wanda Turawan Ingila suka buɗe a 1940. Gidan na da kwamitin tantance muryoyi, akwai kuma masu duba baiti da kari. Wanda ya tsallake, sai a tsayar da shi gaban makaɗan gidan, masu goge irin na Turawa da garayar Larabawa da ake kira ud, a ɗauki waƙar. Daga nan ya zama mawaƙi.

Abin da ya kamata Bahaushe ya sani shi ne, macen da ta fara tsallake wannan ƙofa 'yar Hausawa ce. A'isha Musa Ahmad, wadda aka fi sani da A'isha Falatiya, an haife ta a Kassala, iyayenta kuma daga ƙasar Hausa hanyar aikin Hajji ta kawo su. Mahaifinta malami ne mai makarantar allo a Omdurman, a gabansa ta yi karatu, kuma bai so ta yi waƙa ba. Ta fara da waƙoƙin mata na biki, irin waɗanda ake rerawa da gangar daluka, waɗanda manya ke rainawa. Ta je Alƙahira ta yi faifai, aka riƙa sa su a wuraren shan gahawa. A 1942 ta rera a rediyo, 'yar'uwarta Jidawiyya na kaɗa mata ud. A ganina wannan rana ta fi kowace nauyi a tarihin waƙar zamani ta Sudan, domin ita ce ranar da waƙar cikin gida ta mata ta samu kujera ɗaya da salon waƙar Haƙiba na mawaƙa maza irin su Sarur da Karoma.

Ƙungiyoyin da suka biyo baya duk ta wannan ƙofa suka bi. Sharhabil Ahmad ya shigo da jita mai lantarki da ƙahonin Turawa, har aka yi masa laƙabi da sarkin jaz na Sudan, matarsa Zakiyya kuma tana kaɗa jita a ƙungiyarsa. A 1971 'yan'uwa mata uku, Hadiya da Amal da Hayat Talsam, suka fito da sunan Balabil, Bashir Abbas yana tsara musu kari. Muryoyi uku a haɗe, tufafi iri ɗaya, ga rausaya a gaban kyamara. Masu tsaurin ra'ayi sun yi ta surutu, jama'a kuwa suka rungume su. Ƙungiyar Igd al-Jalad ta zo a 1984 da baitocin da ke maganar talaka. Kiɗa ya yi ta canza riga, amma karin nan mai hawa biyar bai gusa ba, shi ya sa kunnen Bahaushe ba ya baƙunta da mawaƙan Sudan irin su Sayyid Khalifa ko Muhammad Wardi.

Tsarin yana da kyau, yana da illa. Kwamiti ya hana tarkace fita, shi ya sa waƙoƙin farko na wancan zamani suke da nauyin baiti. Sai dai ƙofa ɗaya tak, mai mulki ke riƙe da makullinta. Bayan juyin mulkin 1989 an hana sa waƙoƙi da yawa, dokar Khartoum ta ce biki ya tashi ƙarfe 11 na dare, Wardi ya yi hijira, a 1994 kuma aka daɓa wa mawaƙi Khojali Usman wuƙa har lahira a kulob ɗin mawaƙa na Omdurman.

Illa mafi girma ta bayyana ne da yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu, 2023. Dakarun RSF, masu yaƙi da sojan gwamnati, sun mamaye ginin rediyo da talabijin, inda aka tara faya-fayen shekaru sama da 80, soja ba su karɓe shi ba sai Maris 2024. Alshajara kuwa, saboda barikin tankokin yaƙi da ke cikinta, ta zama filin daga, rumfunan biki suka watse.

A'isha ta rasu a Omdurman a 1974, ta bar waƙoƙi fiye da 150. Ina kira ga masu nazarin waƙa a Jami'ar Bayero da ta Usmanu Danfodiyo su tuntuɓi 'yan'uwanmu na Sudan, a tattara abin da ya rage na muryarta a adana, tun masu tsofaffin kaset suna raye.