Takardar sola: a nemi ta mai haɗawa, a ƙyale mai gida

Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, janareto ya yi shiru a gidaje da dama, sola kuma ta haye kwano. Ka bi hanyar Gusau zuwa Tsafe, ko ka nufi Bungudu, ka riƙa ɗaga kai: mai cajin waya, mai sayar da ƙanƙara, masallacin unguwa, kowa da farantinsa. Duhun kwana da kwanaki da Arewa ta sha a Oktoban 2024 ya ƙara zaburar da masu jan ƙafa.

Mutane na tambaya ko sai an nemi izinin hukuma. Dokar wutar lantarki ta 2023 ta yanke magana: wanda zai samar wa kansa wutar da ba ta wuce megawat 1 ba, ba ya buƙatar lasisi. Wat miliyan ɗaya ke nan, alhali gida mai faranti huɗu da ƙyar yake kai wat 2,000. Na yarda da wannan ɗari bisa ɗari. Dokar ta kuma ba jihohi damar kula da harkar wuta a cikin iyakokinsu, to duk wanda ya riƙe wannan aiki a Zamfara, ina roƙonsa kada ya fara da kai rasit ƙofar talakan da ya sayar da akuyarsa ya sayi batir.

Abin da ke hana ni sukuni yana wajen masu haɗawa. Yau yaro zai bi ubangidansa aiki na 'yan makonni, gobe ya sayi filaya da tsani, jibi ana ce masa injiniya. Shiga ɗakin da ya yi wa aiki ka gani. Siririyar wayar ƙwan fitila ce ya ja daga batir zuwa inbata, kana taɓa ta ka ji zafi. Babu fis ko ɗaya a tsakani. Batir mai ruwa yana ƙarƙashin gado a ɗaki marar taga, yara na kwana a kai, shi kuwa in yana caji yana fitar da iska mai kama wuta. A sama an ɗaure faranti da wayar ƙarfe, hadarin farkon damina kawai yake jira.

Akwai wanda ya fi wannan muni, wato a haɗa inbata da wayarin gida ba tare da na'urar da ke raba ta da wutar Nepa ba. Sai wutar gidan ta koma kan layi. Ma'aikacin Kaduna Electric ya hau turke da yaƙinin an kashe wuta, ashe ajali na biyo waya daga gidan wani bawan Allah da bai san komai ba.

Ba hukuma aka rasa ba. NEMSA, wadda dokar 2015 ta kafa, ita ke ba masu aikin lantarki takardar shaidar ƙwarewa. SON kuma ita ke da alhakin ingancin kayan da ake shigowa da su, har da farantin da aka manna wa takardar wat 300 amma ba ya ba da haka ko da tsakar rana a bazara. Sai dai mai gida nawa ne a Tsafe ya taɓa cewa mai haɗawa ya nuna takardarsa?

Ba korar yaran nan nake nema ba. A jihar da rashin tsaro ya raba matasa da gonakinsu, sana'ar hannu rahama ce. A kusanto musu da horo da jarrabawa. Ga Kwalejin Fasaha ta Tarayya a Ƙauran Namoda, ga Jami'ar Tarayya a Gusau. A shirya musu gajeren kwas da Hausa, a kuɗin da ɗan koyo zai iya biya. Masu shagunan sola su ajiye sunayen waɗanda suka ci, su riƙa haɗa mai saye da su, su kuma daina sayar da batir da inbata sai da fis da wayar da ta dace.