Zane a Ƙasa, Lissafi a Sama: Awon Inuwa da Bugun Ƙasa a Zangon Ankara

A hamadar Nazka ta ƙasar Feru akwai manyan zane-zane a doron ƙasa, wasu sun kai shekara 2000. Bajamushiya Mariya Raihe ta ƙarar da rayuwarta tana ganin kalandar taurari ce. Da masanin taurari Jeral Hokins ya auna layukan a 1968, bai sami wata daidaituwa da sama wadda ta wuce dace ba. Masana da yawa yanzu sun karkata ga cewa hanyoyin bauta ne da roƙon ruwa. Mu ma muna da zanen ƙasa iri biyu da malamai suka shigo da su zanguna tare da ayarin goro, kuma har yau ana cakuɗa su a unguwannin Nima, Mamobi da Kawukudi na Ankara, babban birnin Gana.

Na farko awon inuwa ne. Ladan kan kafa sanda, ko ya tsaya da kansa, ya shata inda inuwa ta ƙare. Tsawon mutum taku bakwai ne da ƙafarsa. Inuwa tana raguwa tun hantsi. Da ta tsaya ta soma ƙaruwa, rana ta yi zawali, azahar ta shiga. Idan ta ƙaru da tsawon mai ita a kan inuwar zawali, la'asar ta yi. Abin da ya mai da wannan kalanda shi ne inuwar zawalin ba ta zama ɗaya duk shekara. A Ankara, ƙarshen Disamba takan kai kusan taku huɗu ta fuskar arewa, alhali a Kano biyar ce. Farkon Afrilu da farkon Satumba kuwa rana kan tsaya daidai tsakar ka, inuwa ta shige ƙarƙashin sawu, kuma tsakanin lokutan biyu kudu take faɗawa. Malamin da ya taho da lissafin Kano a ka, dole ya sake awo a bakin teku. Haka taurarin damina irin su Nasara da Ɗarfa, masu kwana 13 kowanne, ba su zauna daidai a garin da ke da damina biyu ba.

Na biyu bugun ƙasa ne. Malam ya baje rairayi a tire ko buzu, ya ɗiga layuka, ya share ɗigo bibbiyu, abin da ya saura ya fitar da ɗaya daga cikin siffofi 16. Ana jingina ilmin ga Annabi Idrisu, ana karanta shi a littafin Zanati, ana kuma rataya wa siffofin taurari da ranaku. Da shi ake zaɓar ranar aure, tafiya ko buɗe shago. Shehu Usmanu ya soke shi a littafinsa Nurul Albabi, amma kasuwarsa ba ta mutu ba.

Mai bugun ƙasa yana ambaton taurari, sai dai a ɗaki yake aikinsa, ko leƙen sama ba ya yi. Wanda ya auna sama da gaske shi ne ladan, kuma nasa ilmin ne agogo da wayar hannu suka ture. A lungunan Nima ma da wuya ka sami filin da inuwa za ta miƙe. Harabar Masallacin Ƙasa da aka buɗe a Kanda a 2021 tana da fili. Malaman makarantun Islamiyya, ku kai yara can da sanda da alli, su shata inuwar zawali wata-wata har shekara ta zagayo.