Fatar Dodannin Kwamfuta: Yadda Laushin Hoto Yake Rufe Aikin Masassaƙi

Duk wanda ya saba kallon ayyukan masu sassaƙa dodanni a kwamfuta zai lura da wani kamanni da ya game mafi yawansu. Dodon na iya zama mai ƙaho, ko mai haure, ko mai ido shida, amma fatarsa kusan iri ɗaya ce da ta sauran: sumul, da ɗan ja-ja a kunne da gefen hanci, haske mai taushi ya lulluɓe ta daga ɓangare guda, bayan hoton kuma ya dushe kamar hazo. Masu sana'ar da masu yaba musu sun saba ɗaukar wannan salo a matsayin alamar cewa aiki ya yi kama da gaske. A ganina an haɗa abu biyu da ba ɗaya ba ne. Laushi magani ne da aka samo wa wata cuta takamaimai a farkon shekarun 2000, ya kuma yi aiki, sai dai an ci gaba da ɗura shi har ya fara haifar da tasa cutar. Abin da ke sa ido ya gaskata fatar wata halitta shi ne ya karanta a jikinta yadda take rayuwa, inda take gogawa, inda take lanƙwasawa, da abin da ta sha fama da shi.

Sai an san cutar za a gane darajar maganin. A shekarar 1993, lokacin da kamfanin ILM ya ƙera dabbobin fim ɗin Jurassic Park, manhajojin fitar da hoto suna lissafi ne kamar duk hasken da ya sauka a kan abu daga daidai wurin zai dawo. Wannan lissafi ya dace da ƙarfe da dutse da busasshen ɓawo, shi ya sa ya wadatar wa waɗancan dabbobi masu kaurin fata, balle kuma fitaccen wurin da babbar dabbar ta fasa shinge an shirya shi ne cikin dare ana ruwan sama. Da aka zo kan fuskar mutum da fata mai taushi sai asiri ya tonu, domin duk ƙoƙarin mai fenti sai fuskar ta fito kamar roba da aka shafa wa launi. Dalilin kuwa mai karatu zai iya gwada shi da kansa: ka rufe bakin tocila da yatsunka a cikin duhu, za ka ga tsakanin yatsun ya yi jawur. Hasken da ke dawowa daga saman fata kai tsaye bai kai kashi 10 cikin 100 ba. Sauran shiga yake yi, sinadarin melanin na ɓawon sama ya shanye wani, jinin da ke ƙasa ya shanye wani, abin da ya rage ya yi ta karo da nama har ya fito ta wani wuri daban da inda ya shiga. Jan haske ne ya fi nisan tafiya a cikin nama, shi ya sa bakin inuwa a kan fata yakan ɗan yi ja.

A shekarar 2001 Henrik Wann Jensen da Stephen Marschner da Marc Levoy da Pat Hanrahan, a Jami'ar Stanford ta Amurka, suka fito da hanyar lissafa wannan yawo na haske a ƙarƙashin fata ba tare da kwamfuta ta kwana tana aiki a kan hoto ɗaya ba. Shekara guda bayan haka duniya ta ga Gollum, wanda kamfanin Weta Digital na birnin Wellington ya ƙera wa kashi na biyu na The Lord of the Rings, ta kuma ga Dobby a fim na biyu na Harry Potter daga hannun ILM. A 2004 hukumar da ke ba da lambar Oscar ta karrama Jensen da Marschner da Hanrahan, tare da Christophe Hery da Ken McGaugh da Joe Letteri waɗanda suka mai da binciken kayan aiki. Yau dabarar tana cikin kowace babbar manhaja. Wanda ya buɗe Blender, wadda kyauta ce, zai tarar an riga an rubuta masa nisan tafiyar hasken da lambobi uku, 1.0 na ja, 0.2 na kore, 0.1 na shuɗi, abin da ya rage masa kawai ya ja maɓalli ya ƙara ko ya rage.

A wannan maɓalli matsalar ta fara. Yawon haske a cikin nama yana cike ƙananan inuwoyi, wato yana goge ramukan fata da siraran layukanta, kuma idan ya yi yawa sai halittar ta koma kamar an zuba ta da kakin kyandir. Akwai kuma batun girma, wanda sabbin hannu suka fi tuntuɓe da shi. Haske 'yan milimita kaɗan yake iya ratsawa a cikin nama, ko naman ɓera ne ko na giwa. Saboda haka kunnen jariri zai yi ja idan rana tana bayansa, amma wuyan dabbar da ta kai tsayin soro ba zai nuna komai ba. Idan aka ga haske yana ratsa hancin ƙaton dodo, ido yakan yanke hukunci nan take cewa 'yar tsana ce da za a iya riƙewa a tafin hannu, ko da mai kallo bai iya faɗin abin da ya dame shi ba. Shi kuma masassaƙin, da ya ga laushi ya cinye masa aiki, sai ya koma ZBrush, manhajar da ta fito a 1999 ta kuma sa sassaƙa a kwamfuta ta yi kama da ginin yumɓu, ya ɗauki hatimin ƙofofin gashi ya bi jikin dodon kaf yana dannawa, goshi da leɓe da fatar ido duk da zurfi ɗaya. Sakamakon shi ne fata mai yawan ado wadda ba ta ba da labarin komai.

Fatar gaske ba ta san daidaito ba, kuma akwai bincike da ya nuna dalili. Michel Milinkovitch da abokan aikinsa a Jami'ar Geneva sun nuna a 2013 cewa abin da ake ɗauka ɓawo ne a fuska da muƙamuƙin kada tsagewa ce ta fata, wadda ƙarfin girma ke haifarwa tun dabbar tana cikin ƙwai, shi ya sa zanen gefen dama ba ya zama daidai da na hagu. A 2018 suka nuna cewa siraran tsagogin fatar giwar Afirka su ma karyewa ce ta ɓawon sama yayin da yake ƙara kauri, kuma su ne ke riƙe ruwa da taɓo don sanyaya jiki. Wato zanen da ke jikin fata sawun ƙarfi ne da ya yi aiki a kanta. Majemi ya san wannan da hannunsa, domin ba ya ɗaukar fatar wuya da gadon baya daidai da ta ciki da hammata. Ya san inda ta yi kauri, inda ta yi sako-sako, da inda ƙaya ko bulala ta bar tabo. Masassaƙin dodo yana buƙatar irin wannan sanin. Idan halittarsa tana durƙusawa to gwiwarta ta yi kanta, idan tana buɗe baki sosai to ramukan kumatunta su miƙe ta inda fatar ke ja, idan tana kwana a ruwa to datti ya taru a lungunan da ruwa ba ya wankewa. Gollum bai tsaya da ƙafarsa don jan kunnensa kaɗai ba. Ramar jikinsa, da tabon duka a bayansa, da daɗewarsa cikin duhun kogo da ta koɗar da launinsa, su ne suka sa mai kallo ya yarda cewa wannan jiki ya sha wuya.

Akwai wani ɓangare da ya shafe mu kai tsaye. A 2020 Theodore Kim, malami a Jami'ar Yale wanda ya yi aiki a Pixar, ya rubuta a mujallar Scientific American cewa binciken fata a fagen zanen kwamfuta ya daɗe yana auna nasararsa da farar fata, wadda haske ke ratsawa sosai. A fata mai yawan melanin, mafi yawan hasken da ya shiga ba ya fitowa, don haka abin da ke zana siffar fuskar shi ne sheƙin da ke samanta. Kowa a cikinmu ya san yadda goshi da karan hanci suke ɗaukar haske da rana, da yadda fatar da aka shafa wa mai ta bambanta da wadda hunturu ya busar ta yi fari-fari. Mai zanen da aka koya wa cewa fata ita ce ja-ja mai laushi zai fitar da baƙar fuska a mace, sannan ya ɗora laifin a kan ƙarancin haske. Wannan giɓi na koyarwa ya bi sana'ar har cikin aikin dabbobi, inda ake ba maɓallin ratsawar haske muhimmanci ana sakaci da taswirar da ke faɗa wa manhaja inda fata take da maiƙo da inda take a bushe. Davy Jones, dodon fim wanda ILM ta ƙera a 2006 a kan wasan Bill Nighy, shaida ne a nan. Fuskarsa mai kama da dabbar teku ta jure fitowa cikin tsananin rana a bakin teku, kuma babban abin da ya riƙe ta shi ne damshi da ƙyallin da ke sauyawa daga wuri zuwa wuri yayin da yake motsi.

Mai musu zai ce ai dodo babu shi, to da me za a auna gaskiyar fatarsa? Tambaya ce mai kyau, amma ta manta cewa mai kallo ba ya zuwa da ido fanko. Bai taɓa ganin dodo ba, amma ya ga ƙadangare da damo, ya ga kan ungulu da wuyan zabo, ya ga tozon raƙumi da kantar ƙirjinsa, kuma da wannan taskar yake auna duk sabon abin da aka nuna masa. Shi ya sa fitattun masu tsara halittu suke farawa daga dabbobin da Allah ya halitta. Terryl Whitlatch, wadda ta zana halittu da yawa na Star Wars na 1999, ilimin dabbobi ta karanta kafin ta shiga wannan aiki. 'Yancin masassaƙi yana cikin haɗa sassan yadda ya ga dama, amma kowane sashe da ya aro yana zuwa da dokokinsa.

Musu na biyu ya fi ƙarfi. Za a ce haske mai taushi salon nuni ne kawai, kamar yadda mai ɗaukar hoto a shago yake tausasa fitilarsa don fuska ta fito da kyau, kuma ba laifi ba ne mutum ya nuna aikinsa ta inda ya fi armashi. Na yarda da rabin wannan. Haske mai faɗi yana nuna lanƙwasar siffa ba tare da inuwa ta datse ta ba, kuma akwai halittun da laushi ne gaskiyarsu. Wanda ya taɓa ganin tsaka a jikin gilashin taga da daddare, fitila tana bayanta, ya ga yadda cikinta yake nuna abin da ke ciki, har ƙwan da take ɗauke da shi. Halitta irin wannan, ko ɗan tsuntsun da bai yi gashi ba, dole a bar haske ya ratsa ta. Inda na rabu da masu wannan magana shi ne lokacin da hoton nuni ya zama shi ne gwajin kaɗai. A manyan kamfanonin fim ba a karɓar fata sai an juya halittar a ƙarƙashin haske iri-iri, an ajiye ƙwallo mai ruwan toka da ƙwallo mai sheƙin madubi a gefenta don a tabbatar hasken ne daidai ba fentin aka murɗa don ya dace da shi ba. Hoto guda mai taushi, da bayansa a dushe, yana ɓoye maimaicin hatimi da wuraren da ba a gama ba, kuma dusar da baya fiye da kima yana ƙara wa halittar kamannin ƙaramin abu, domin haka kyamara take yi idan ta matsa kusa da abin da bai wuce yatsa ba.

Saura masu cewa na'ura ta riga ta gama aikin, tunda bayan aikin da Paul Debevec da abokansa suka fara a 2000 na ɗaukar fuskar mutum da haske daga kusurwoyi daban-daban, an kai ga iya kwafo fatar gaske har ramukanta, yau ma sayar da irin waɗannan taswirori ake yi. Taswirar goshin mutum gaskiya ce a goshin mutum. Idan aka shimfiɗa ta a kan cikin dabbar da ke jan ciki a kan duwatsu, ingancin kwafin ba zai amsa tambayar abin da ya kawo ta wurin ba, kuma wannan tambayar har yanzu mai sassaƙa ne kaɗai zai iya amsa ta.

Ga matasanmu da suka fara koyon wannan sana'a da Blender a kan kwamfutar da ba ta da ƙarfi sosai, wannan labari ne mai daɗi, domin ɓangaren da ya fi muhimmanci a aikin ba ya buƙatar na'ura mai tsada. Ku je kara ranar kasuwa ku tsaya kusa da bijimi, ku duba yadda fatar wuyansa take ninkewa, inda gashi ya ƙare a kewayen hanci, da yadda damshin hancin yake ƙyalli alhali ƙahon a bushe yake. Idan kun dawo kun gama sassaƙa, ku rubuta ainihin tsawon halittar da mita kafin ku taɓa maɓallin ratsawar haske, sannan ku kashe fitila mai taushi ku ɗora mata ranar tsaka, ku juya ta gaba da baya. Fatar da ta tsira daga wannan gwaji za ta yi kyau a kowane haske, wadda kuwa ta faɗi ku koma kanta, aikinta bai ƙare ba.