Ƙura Ta Fi Tsatsa Gaskiya: Nazari Kan Ƙananan Tankokin Yaƙi

Masu cewa haɗa ƙananan tankokin yaƙi na roba wasan yara ne da manya suka ƙi saki ba su taɓa zama sun ga yadda ake yi ba. Akwai kuma waɗanda suka fi su kaushin harshe, masu cewa kwalliya ce ake yi wa kayan kisa. Waɗannan suna da 'yar hujja, zan zo kansu. Na farkon kuwa ba sa bukatar doguwar amsa. Wane yaro ne zai duƙufa kan tsofaffin hotuna don ya tabbatar ko tankar da ke hannunsa ta bar masana'anta kafin Satumban 1944, watan da Jamusawa suka daina shafa wa tankokinsu kwaɓin nan mai zane-zane na hana nakiya mai maganaɗisu mannewa?

Tarihin haɗa ƙananan tankokin ba shi da tsawo. A farkon shekarun 1960 kamfanin Airfix na Ingila ya soma fitar da tankoki a ma'aunin 1/76. A daidai lokacin Tamiya na Shizuoka a Japan, wanda ya faro da sana'ar katako a 1946, ya fitar da tankar Panther mai girman da batura za su shiga cikinta, da aka auna sai ta zo 1/35. Ma'aunin da ya mamaye duniya ke nan. A shekarun 1970 François Verlinden na Beljiyam da Sheperd Paine na Amurka suka nuna cewa haɗawa somin-taɓi ce, aikin yana wajen fenti. Daga baya Mig Jimenez da 'yan uwansa na Sifaniya suka yaɗa amfani da garin launi da sabon salon tsufar da tanka.

A duk dabarun tsufarwa, wadda ta fi burge ni ita ce ta feshin gashi, wanda ake samu a shagon kayan kwalliya. A ɗauki T-34 ta Rasha a lokacin hunturu. Sojoji kan kwaɓa alli ko farar ƙasa da ruwa su yaɓa mata da duk abin da hannu ya kai, ko da tsintsiya ce, don ta saje da dusar ƙanƙara. Wannan farin ba ya daɗewa. Mai gini zai fara shafa koren fenti na asali ya bar shi ya bushe sarai, ya fesa feshin gashi sama-sama sau biyu, sannan ya bi da farin fenti mai narkewa a ruwa, shi ma ba da kauri ba. Kafin farin ya kama sosai sai ya jiƙa buroshi mai ɗan tauri ya riƙa taɓawa. Ruwa ya ratsa, feshin da ke ƙasa ya narke, farin ya ɓare guntu-guntu, koren ya leƙo. Ruwa ya yi yawa, komai ya salube a koma farko.

Gwaninta tana wajen sanin inda za a taɓa. Bakin ƙofar da direba ke shiga, inda gwiwa da tafin hannu ke gogawa kullum. Bayan tanka, inda sojojin ƙasa ke hawa da takalmansu, zafin inji kuma yana narkar da ƙanƙara. Gefen husumiyar bindiga kuwa ruwa ne ke zubowa, don haka zane ake so daga sama zuwa ƙasa, da tsinin buroshi ko tsinken sakace. Kowane tabo sai an tambayi wanda ya yi shi. Wanda ya yi wannan tambayar dole ya tuna da mutum huɗun da ke ƙunshe a ciki cikin sanyi, amsata ke nan ga masu zancen kwalliya.

Inda nake rabuwa da yawancin gwanayen yau shi ne tsatsa. Ka ga tanka an yi mata ja-ja-ja tun daga sarƙa har bakin bindiga, kamar kwanon rufin da ya sha damina ashirin, 'yan kallo suna tafi. Wai ido ne ke so. To, ido ya so ƙarya. Tankokin Yaƙin Duniya na Biyu da yawa ba su yi tsawon ran da za su ruɓe haka ba, kuma ma'aikatansu suna kula da su domin rayuwarsu ta rataya a kai. Sarƙar da ke tafiya kullum goge kanta take yi, ɗan gogin fensir a kan haƙoranta ya wadatar. Tsatsa wurinta bututun hayaƙi ne. Sauran jiki ƙura ce, da taɓo, da ɗigon mai.

Son burgewar nan shi ya cika teburan gasa da tankar Tiger ta Jamus. Guda 1,347 kacal aka ƙera na Tiger ta farko, alhali Sherman ta Amurka ta kusa 50,000, T-34 ma ta haura haka. Wanda ya san yaƙin daga akwatunan shago kaɗai zai ɗauka Jamus ce ta fi kowa tankoki. Ni a ba ni Sherman mai ƙura, da buhunan yashi jibge a gaba da jarkokin mai ɗaure a baya, ko ma motar Studebaker mai dakon harsashi da abinci, wadda kamfanoni suka daɗe kafin su kula ta.